Kafin Ka Sare Bishiyar Gidanka, Zauna Ka Yi Lissafi



Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a watan Afrilu ko Mayu, hankalin magidanta yakan koma kan itatuwan da ke cikin gidajensu. Iskar farkon damina a ƙasar Funtua da Malumfashi ba ta da wasa. Tana yaye kwano. Tana karya rassa. Wani lokaci ma takan tumɓuke bishiya gaba ɗaya. Shi ya sa mai gida yakan dubi dalbejiyar da ke bayan ɗakinsa ya ce, gara a kira mai inji ya kayar da ita kowa ya huta.

To, nawa ne kuɗin wannan aiki? Mutane da yawa suna zaton kuɗin jingar mai sara shi ne ke nan. Ba haka ba ne. Jinga kashi ɗaya ce kawai daga cikin abin da zai fita daga aljihunka. Akwai sauran kuɗi a bayanta. Akwai kuma asarar da ba a ƙirga ta da naira. A wannan wata za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kowa ya iya yin lissafinsa tun kafin gatari ya taɓa gindin bishiya.

ME YA SA FARASHI BA ƊAYA BA NE?

Babu farashi ɗaya na saran bishiya. Maƙwabcinka yana iya biyan kaɗan, kai kuma a nemi ninkin wannan a wurinka. Ba lalle ne an cuce ka ba. Ga abubuwa shida da mai sara yake dubawa.

1. Girman bishiya. Ƙaramar gwaiba aikin mutum ɗaya ne da adda. Tsohon rimi ko maɗaci kuwa aikin mutane da yawa ne, kuma yana iya cin kwana biyu ko uku.

2. Wurin da take tsaye. Wannan ya fi kome muhimmanci. Bishiyar da ke fili, ana kayar da ita sau ɗaya a gama. Wadda ke tsakar gida, tsakanin ɗaki da rumbu da katangar maƙwabci, ba ta da wurin faɗuwa. Dole mutum ya hau, ya sassare rassa ɗaya ɗaya, a ɗaura musu igiya a sauke su a hankali. Wannan aiki yana cin lokaci, yana kuma da hatsari. Saboda haka ya fi tsada.

3. Lafiyar bishiya. Wasu suna zaton busasshiyar bishiya ta fi sauƙi. Sau da yawa ita ce ta fi wuya. Reshenta ba ya ɗaukar mutum. Wadda cikinta ya yi kogo kuwa tana iya karyewa ta faɗi inda ba a nufa ba.

4. Irin itacen. Ƙirya da marke da tsamiya suna da tauri, suna cin kaifin inji. Amma itacensu yana da daraja a kasuwa. Kuka kuwa jikinta ruwa ne da zare. Ba ta katako, ba ta makamashi mai kyau. Wanda ya sare kuka ba shi da abin sayarwa da zai rage masa kuɗin aiki.

5. Lokaci. Idan iska ta yi ɓarna a gari, kowa yana neman mai inji rana ɗaya. A ranar ba ka da bakin yin ciniki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Nisa. Masu inji sun fi yawa a manyan garuruwa irin su Funtua, Malumfashi, Bakori da Ƙanƙara. Idan ƙauyenku yana da nisa, kuɗin zuwansu da komawarsu yana kanka.

YADDA ZA KA AUNA TSAWON BISHIYA

Ba sai ka hau ba. Rana za ta auna maka. Nemi sanda miƙaƙƙiya ka kafa ta a fili. Ka jira lokacin da tsawon inuwar sandar ya yi daidai da tsawon abin da ya fito sama na sandar. Haka yana faruwa sau biyu a rana, da hantsi da kuma wajen la'asar. A daidai wannan lokaci, tsawon inuwar bishiya shi ne tsawon bishiyar. Sai ka taka inuwar tun daga gindi har ƙarshe, kana ƙirga taki.

A ce ka sami taki ashirin. To, duk abin da ke cikin taki ashirin daga gindin bishiyar, ta kowane gefe, tana iya faɗa masa. Zagaya ka duba. Ɗaki nawa ne a ciki? Akwai rijiya? Akwai turken dabbobi? Akwai hanyar da yara ke bi zuwa makaranta? Wannan awo shi zai gaya maka ko aikin mai sauƙi ne ko mai wuya.

KUƊIN DA AKE GANI

Ɗauki alƙalami da takarda. Rubuta waɗannan abubuwa, kowanne a layinsa.

Na ɗaya, jingar mai sara.

Na biyu, man inji. Injin yankan itace yana shan fetur da aka gauraya da baƙin mai. Sarƙarsa ma tana bukatar nata man. Wasu masu inji sukan ce mai yana kan mai gida. Ka tambaya tun farko. Ku tuna, tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. A ƙarshen shekarar 2024 ya haura naira 1,000. Duk aikin da ake yi da inji ya bi shi ya tashi.

Na uku, ladan masu jan igiya da masu kwashe rassa. Ko da gayya ka kira, sai ka ciyar da mutane.

Na huɗu, abinci da ruwan sha na ma'aikata.

Na biyar, faskare da ɗauko. Mai inji yakan yanka gungume ya bar maka shi a nan. Faskara shi wani aiki ne. Fitar da shi da amalanken shanu ko a-kori-kura wani kuɗi ne.

Na shida, cire kututture. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Yawancin jinga ba ta haɗa da shi. Dalbejiya da bishiyar turare ba sa mutuwa don an sare su. Kafin damina ta yi nisa za ka ga sun sake tofo. Idan kana son yin gini a wurin, dole a haƙa a cire kututturen da manyan saiwoyinsa. Idan aka bar su suka ruɓe a ƙarƙashin gini, ƙasa za ta lotsa, gara kuma ta sami gida. Kada ka ce za ka ƙone kututture a cikin gida. Wuta tana bin saiwa ta ƙarƙashin ƙasa, tana ci kwana da kwanaki ba a gani. Tana iya ɓulla kusa da rumbu ko dangar kara.

Na bakwai, kuɗin takardar izini, idan irin bishiyar da ake nema wa izini ce.

Na takwas, gyaran abin da ya lalace. Ko ƙwararre ne ya yi aiki, da wuya a rasa ɗan abin gyara. Ware wani abu domin magini ko kafinta.

MISALIN LISSAFI

Ga misali don koyon lissafi. Lambobin ba farashin kasuwa ba ne. Kowa ya sa na garinsu.

A ce mai inji ya yi jinga naira 30,000.
Man inji naira 8,000.
Masu taimako naira 10,000.
Abinci naira 4,000.
Faskare da amalanke naira 6,000.
Cire kututture naira 12,000.
Gyaran katangar da reshe ya fasa naira 20,000.

Idan ka haɗa duka, za ka sami naira 90,000. Ka ga jingar da aka fara magana a kanta kashi ɗaya ce cikin uku.

Yanzu a ce ka sayar da itacen naira 35,000. Cire wannan daga 90,000. Saura naira 55,000. Wannan shi ne ainihin abin da ya fita daga hannunka.

Akwai wata hanya da ake bi. Wani mai sana'ar itace ko mai gawayi zai ce zai sare maka kyauta, shi kuma ya kwashe itacen. Wani lokaci wannan ciniki yana da kyau. Amma ka yi hattara. Kai ma ka san darajar abin da za ka bayar. Tambayi kafinta ko gungumen zai yi katako. Tambayi masassaƙi ko zai yi turmi. Tambayi masu gidan burodi nawa suke sayen amalanken itace. Babban maɗaci mai lafiya ya fi ƙarfin ladan sara nesa ba kusa ba. Sannan wanda itace kawai ya kawo shi yakan yi gaggawa, ba ruwansa da katangarka.

ASARAR DA BA A RUBUTAWA

Yanzu juya takardar. A bayanta rubuta abin da bishiyar ke ba ka kowace shekara.

Inuwa. Wanda ya kwana a ɗakin kwano a watan Maris da Afrilu ya san darajarta. A ƙarƙashin bishiya mata ke daka da sussuka. A nan yara ke karatu. A nan ake ɗaure tumaki da awaki. Idan ta tafi, sai ka kafa rumfa, rumfa kuma kuɗi ce, kuma ba ta kai bishiya sanyi ba.

Abinci da kuɗi. Mangwaro yana ba da 'ya'ya a daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Ɗorawa tana ba da kalwa ta daddawa da garin ɗorawa. Kaɗanya tana ba da man kaɗe. Kuka tana ba da miya shekara duka. Tsamiya tana shiga kunu. Yawancin wannan amfani a hannun mata yake. Da shi suke sayen gishiri da sabulu da littafin yara. Saboda haka mai gida ya shawarci iyalinsa kafin ya yanke hukunci.

Kariya daga iska. Abin mamaki, bishiyar da kake tsoro ita ce sau da yawa take tare wa rufinka iska. Gidan da ke tsaye a fili fetal ya fi saurin rasa kwanonsa.

Makamashi. Bishiyar da ake rage wa rassa tana ba da itacen girki kowace shekara. Wadda aka sare tana bayarwa sau ɗaya ne tak.

Lokaci. Inji yana kayar da bishiya kafin a gama shan fura. Amma mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan yi shekara biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. Mai aure yakan fara a shekara uku ko huɗu. Kaɗanya kuwa takan kai shekara goma sha biyar ko ashirin. Wanda ya sare kaɗanya yau, 'ya'yansa ne za su ci amfanin madadinta, ba shi ba.

BISHIYAR TA WA CE?

Wannan tambaya ta jawo shari'a da yawa. Kasancewar bishiya a gidan da kake zaune bai sa ta zama taka kai kaɗai ba.

Idan gidan gado ne da ba a raba ba, bishiyar ta dukan magada ce, maza da mata. Ka nemi yardarsu a gaban shaidu.

Idan haya kake yi ko aro aka ba ka, sai da izinin mai gida.

Idan bishiyar tana kan iyaka, ku zauna da maƙwabcinka. Sau da yawa ita ce shaidar iyakar. Idan za ta tafi, a kafa wata alama a gaban mai unguwa tun kafin a sare.

A ƙasar Hausa, mutum yana iya sayar da gona ko ya jinginar da ita, amma ɗorawar da ke ciki ta ci gaba da zama tasa. Idan ka sayi fili, ka binciki yadda aka yi da itatuwan ciki.

Itatuwan bakin titi, da na makaranta, da na kasuwa, da na maƙabarta ba na mutum ɗaya ba ne, ko da suna ƙofar gidanka.

Sai kuma hukuma. Tun zamanin En'e akwai dokar gandun daji, akwai kuma malaman daji da ke lura da ita. Kafin ka taɓa babbar bishiya, musamman mai amfani irin kaɗanya, ɗorawa ko maɗaci, fara sanar da mai unguwa. Daga nan ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku, sashen aikin gona, ka nemi malamin daji. Shi zai gaya maka ko ana bukatar izini. Idan ka biya wani kuɗi, ka karɓi rasit, ka karanta abin da aka rubuta a kai, ka adana. Ga amfanin karatun da kake koyo. Wanda ya sare ba izini yana iya biyan tara, a kuma ƙwace itacen.

TSADAR DA TA FI KOWACE

Duk kuɗin da muka lissafa ƙarami ne idan aka kwatanta da ran mutum. Saran bishiya yana cikin ayyuka masu hatsari ƙwarai. Mutum yana iya faɗowa daga sama. Reshe yana iya faɗo wa na ƙasa. Inji yana iya ƙwacewa ya sari ƙafa ko hannu.

Ka yi tunani. Idan mutum ya karye a gidanka, za a kai shi babban asibitin Funtua ko na Malumfashi. Idan abin ya yi tsanani a wuce da shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Ga kuɗin mota, ga na magani, ga na jinya. Idan manomi ne, noman wannan shekara ya wuce shi. Kai mai gida ba za ka naɗe hannu ka ce ba ruwanka ba.

Saboda haka kada ka ba yaro aikin don ya fi araha. Kada ka ba wanda ya ari inji jiya. Nemi wanda aka san aikinsa. Je ka ga inda ya yi aiki, ka tambayi mutanen gidan. Araha ba ta ado.

WAYAR LANTARKI

Idan reshe yana taɓa wayar lantarki, ko bishiyar za ta iya faɗa wa waya, tsaya. Wannan ba aikin mai gida da mai inji ba ne su kaɗai. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta. Mutumin da ke kan reshe yana iya mutuwa ko bai taɓa wayar da hannunsa ba.

Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Ana iya dawo da ita a kowane lokaci ba sanarwa. Je ofishin kamfanin lantarki. Wanda muka saba kira NEPA, tun shekarar 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Katsina, Kano da Jigawa. Sai ma'aikatansu sun kashe layin sun tabbatar maka, sannan a fara aiki. Idan bishiyarka ta tsinka waya ko ta karya turken lantarki, unguwa duka za ta shiga duhu, kuma kai za a nema.

YAUSHE SARA YA ZAMA DOLE?

Ba mu ce kada a taɓa sare bishiya ba. Akwai wadda barinta ya fi sare ta hatsari. Ga alamomin da za ka duba.

Bishiyar da da take tsaye, yanzu ta fara karkata.

Ƙasar gindinta ta tsage ko ta kumburo ta gefe ɗaya bayan ruwa.

Gindin ya yi babban kogo. Idan ka buga da ƙotar gatari ka ji yana amsawa kamar ganga.

Laimar kwaɗi tana fitowa a jikin gindin. Alamar ruɓa ce a ciki.

Kan bishiyar ya bushe, damina ta zo bai yi ganye ba.

Tsagewa ta bayyana a inda manyan rassa biyu suka rabu.

Aradu ta faɗa mata ta tsaga ta.

Saiwarta ta shiga rijiya ko masai, ko tana ɗaga harsashin ɗaki.

Idan ka ga irin waɗannan, kada ka jira damina. Kira malamin daji ko wani masani ya duba. Kafin a yi aikin, a daina kwana a ɗakin da take fuskanta.

RAGE RASSA YA FI ARAHA

Idan bishiyar lafiyarta ƙalau, tsawo kawai ta yi ko rassanta sun hau kan rufi, magani shi ne a rage mata rassa. Kuɗin bai kai na sara ba. Babu cire kututture. Ga itacen girki ka samu. Ga inuwarka tana nan.

Dalbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko dogon yaro, ta fi kowace jure wannan. Asalinta daga ƙasar Indiya take. An fara dasa ta a Nijeriya a lardin Borno a shekarar 1928. Abin da ya sa ta bazu ko'ina shi ne jurewarta. Ko an datse mata kai gaba ɗaya, takan sake fitar da sababbin rassa. Idan ana rage ta bayan shekara biyu ko uku, ba za ta yi nauyin da iska za ta kayar da ita ba.

Wajen datse babban reshe, a fara ɗan sara ta ƙasansa, sannan a sare ta sama. Haka zai hana reshen ya ɓare bawon bishiya yayin da yake faɗuwa. Kuma kada a kwashe rassan gefe ɗaya duka a bar ɗaya gefen da nauyi.

YADDA AKE YIN JINGA

Idan lissafi ya nuna sai an sare, to a yi aikin da rani, bayan an gama kaka. A lokacin ƙasa ta bushe, amalanke zai iya shiga. Mutane ba sa gona, za ka sami masu taimako. Itacen ma zai bushe da wuri.

Tambayi mutum biyu ko uku kafin ka zaɓa. Kowanne ya zo ya ga bishiyar da idonsa. Gani ya kori ji. Sannan ku rubuta yarjejeniya a takarda, a gaban shaidu biyu. Ta ƙunshi waɗannan:

1. Nawa ne kuɗin aikin duka?
2. Wa zai sayi mai?
3. Wa zai biya masu taimako?
4. Itacen na wa ne?
5. Aikin ya haɗa da yanka gungume da cire kututture?
6. Wa zai share wurin?
7. Idan aka yi ɓarna, wa zai gyara?

Kada ka biya duka tun farko. Ba da wani abu na kama aiki. Sauran sai an gama.

RANAR AIKI

Sanar da maƙwabta tun jajibiri. Kwance dabbobi a kai su nesa. Fitar da kowa daga ɗakunan da ke kusa. Yara su ne suka fi son kallo, a sa babba ya tsare su. Duk wanda ba ya cikin aikin ya tsaya nesa da ninki biyu na tsawon bishiyar. Idan awonka ya ba da taki ashirin, su tsaya bayan taki arba'in.

A duba ko akwai zuma ko rina a sama kafin mutum ya hau. Idan iska tana kaɗawa da ƙarfi, a ɗaga aikin zuwa wata rana.

Ƙwararren mai sara yakan fara yanke baki a gefen da yake son bishiyar ta faɗi. Zurfin bakin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gindin. Sannan ya koma baya ya yanka, sama kaɗan da bakin. Ba ya yanke gindin duka. Yakan bar ɗan tsakani wanda zai riƙe bishiyar ya bi da ita inda ake so. Kuma yakan share hanyar gudunsa tun kafin ya fara. Igiyar masu ja ta fi bishiyar tsawo sosai. Idan ka ga mai sara bai san waɗannan ba, dakatar da shi.

KA SARE ƊAYA, KA DASA BIYU

Yawancin itatuwan da ake wahalar sarewa yau, tun ranar dashe aka yi kuskure. An sa su jikin bango suna ƙanana, aka manta za su girma. Manyan itatuwa irin dalbejiya, mangwaro da turare suna son taki goma ko fiye daga ɗaki, da rijiya, da masai. Kada a dasa su ƙarƙashin wayar lantarki. Kusa da ɗaki a sa ƙanana, irin zogale, gwaiba, lemo da gwanda. A dasa idan ruwa ya zauna, a watan Yuni ko Yuli, a kuma yi musu shinge saboda awaki.

Kada mu ce ƙasarmu ta kudancin Katsina tana da ruwa, hamada ba za ta zo ba. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 za su ba da labari. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a shekarar 2007 don tare hamada. Amma shirin gwamnati ba zai shigo tsakar gidanka ya yi maka dashe ba.

Akwai darasi daga maƙwabtanmu na arewa, mutanen Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Bayan farin 1984, manoman can sun daina tumɓuke kututturan da ke gonakinsu. Idan kututture ya yi tofo, sai su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su cire sauran. Ta haka itatuwa suka dawo ba tare da sayen dashe ba. Masana sun ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a ƙasar Nijar. Saboda haka idan kututturenka ba ya kusa da gini, ba sai ka kashe kuɗin cire shi ba. Bar shi ya tofo, ka riƙa gyara shi tun yana ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya dasa itace yana samun lada muddin mutum ko dabba ko tsuntsu yana amfana da shi. Mu duba itatuwan gidajenmu tun da rani. Mai bukatar ragi a rage ta. Mai hatsari a sare ta bisa ƙa'ida, a dasa madadinta a wurin da ya dace.

TAMBAYOYI DON AJIN YAƘI DA JAHILCI

1. Faɗi abubuwa huɗu da ke sa saran bishiya ya yi tsada.
2. Yaya ake auna tsawon bishiya da inuwa?
3. Idan tsawon bishiya taki 15 ne, taki nawa 'yan kallo za su ja baya?
4. Mutum ya kashe naira 70,000 a aikin sara, ya sayar da itace naira 25,000. Nawa ya fita daga hannunsa?
5. Wa za ka fara sanarwa kafin ka sare babbar bishiya?

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin iska. Amin.